Yadda Ake Haɗa Akurkin Kaji Mai Tafiya Don Kiwo a Kan Ciyawa

Duk wanda ya taɓa killace kaji a fili ɗaya ya san yadda abin yake ƙarewa. Makon farko wuri kore shar, mako na biyu sun tone shi, kafin wata ya cika babu ko tsinken ciyawa, sai ƙasa tsurarta da kashi da ƙudaje, in ruwa ya sauka ta koma caɓi mai wari. In kuma ka sake su su yi yawonsu, shaho da karnuka ne za su raba ka da su ɗaya bayan ɗaya. Akurki mai tafiya shi ne tsaka-tsakin waɗannan biyun: keji ne marar daɓe, mai rufi da raga, wanda ake ja gaba kullum zuwa sabuwar ciyawa. Kaji suna cikin tsaro, ƙafarsu na kan ƙasa mai tsabta, kashinsu kuma ya zama taki a daidai inda ya faɗi, ba wanda ya kwashe shi da shebur.

Dabarar ba ta yau ba ce. Manoman Ingila sun yi kiwo da irin waɗannan kejuna tun shekarun 1930. Wanda ya sake yayata ta a wannan zamani shi ne Joel Salatin, mai gonar Polyface a jihar Bajiniya ta Amurka. Nasa kejin ƙafa 10 ne a faɗi, ƙafa 12 a tsawo, ƙafa 2 a tsayi, wato kusan mita 3 da mita 3.6 da santimita 60, yana zuba kajin nama wajen 75 a ciki, yana matsar da shi kowace safiya.

Wannan matsarwar ita ce duka sirrin, kuma akwai dalili. Ƙwayar cutar kokisidiyosis, wadda ke sa 'yan kaji zawon jini, tana fita ne a cikin kashi, amma ba ta iya kama wata kazar sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai ɗumi da laima ta nuna. In ka matsa gaba kafin nan, ka bar mafi yawanta a baya. In ba ka matsa ba, akurkinka ya fi ɗakin kaji na gini muni, domin ba shi da shimfiɗar da za ta tsotse danshi. Saboda haka kowace shawara da za ka yanke wajen gini, daga kaurin katako har zuwa irin rufi, ka auna ta da tambaya ɗaya: wanda zai ja wannan abu kullum, shi kaɗai, ko ranar da ya tashi da kasala, zai iya? Akurkin da sai mutum biyu sun kama, yau za a ce sai gobe, gobe a ce sai jibi.

Lissafi kafin sayen katako

Wanda zan bayyana a nan mita 3 ne a tsawo, mita 2 a faɗi, wato murabba'in mita 6. Ya fi na Salatin ƙanƙanta, da gangan. Zai ɗauki kajin nama 30 zuwa 35 har su kai yanka, ko masu ƙwai 15. A inda ake zafi sosai ka tsaya a 30, ko ma ƙasa da haka. Kada girman 'yan tsaki ya ruɗe ka ranar da ka zuba su ka ga fili ya yi musu yawa; kazar nama da ta kai mako 7 ta ninka haka sau da yawa.

Sai ka duba filinka. In kajin sun fito ciyawa suna da mako 3, aka yanka su a mako na 8, kwana 35 ke nan, kowace rana murabba'in mita 6, jimla 210. Amma a makonni biyu na ƙarshe kashinsu yana yawa har sai an matsar sau biyu a yini, don haka ka ƙaddara kusan murabba'in mita 300 ga zubi ɗaya. In ka miƙe a layi guda ba ka juya ba, tafiyar ta haura mita 100. Wanda filinsa bai kai haka ba, ya rage kaji, kada ya ce zai riƙa komawa inda ya baro jiya.

Siffofin akurkin nan suna da yawa. Akwai mai kusurwa uku kamar tanti, yana da ƙarfi da sauƙin haɗawa, sai dai gefensa ya matse, kaza ba ta iya miƙewa a can. Akwai mai baka, wanda ake lanƙwasa bututu ko ragar ƙarfe a lulluɓe da tamfol. Mutum na iya shiga a tsaye, amma iska mai ƙarfi tana son sa. Akwai babba mai ƙafa huɗu da ake ja da tarakta, na masu ɗaruruwan kaji. Ni dai ga mai farawa na fi son akwati mai gajeren tsayi da rufi mai gangara, domin iska ba ta samun inda za ta kama shi, kuma kowane kafinta zai iya haɗa shi.

Kayan da za ka tanada

Katakon tu-bai-fo, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, guda biyu masu tsawon mita 3.2 na gindi, da wani guntu na hannun taya. Sauran duka tu-bai-tu ne, wato katako mai inci 2 ta kowace fuska: guda biyu na mita 2 na ƙasa, ginshiƙai takwas (huɗu santimita 90, huɗu santimita 70), guda uku na mita 3 na sama, guda huɗu na mita 2 da za su gitta, da ƙarin 'yan guntaye na tokara da murfi. Ka zaɓi busasshen katako marar nauyi. Ɗanye yana da nauyin banza, in ya bushe kuma ya murɗe ya buɗe maka kafa a ƙasa.

Sai ragar waya mai faɗin mita 1, kimanin mita 12 na jiki da murfi, da wata mita 6 da za ka tsaga biyu a tsawonta don shimfiɗar ƙasa. Kwanon rufi mai tsawon mita 2.4, adadin da zai rufe faɗin mita 2. Taya biyu masu tsayin santimita 25, noti da wosha, sukuru, ƙusa mai lanƙwasa ta kama waya, hinji, sakata biyu, igiya mai kauri, guntun tiyo, da tamfol. Kayan aiki kuwa zarto, guduma, tef na awo, almakashin waya da abin huda katako sun wadatar.

A kan sukuru da ƙusa: ka yi amfani da sukuru a duk mahaɗa. Abin da ake ja ana girgizawa kullum, ƙusa tana zarewa a hankali, wata uku ka ga akurki yana rawa.

Gindi

Ka shimfiɗa tu-bai-fo biyun a wuri mai daidaito, ka tsayar da su a kan siririn gefensu, mita 2 tsakaninsu. Ka yanke bakin kowanne a karkace ta gaba da baya, yadda zai riƙa zamewa a kan ciyawa maimakon ya caki ƙasa. Ka haɗa su da tu-bai-tu na mita 2 a gaba da baya, ka bar santimita 10 na tu-bai-fo ɗin ya zarce ta kowane ɓangare; nan za ka ɗaura igiya.

Kafin ka ɗaure sukuru tamau, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ka auna ɗaya gicciyen. In akwatin mita 3 da 2 ne, kowanne zai ba ka kusan mita 3.6. Abin nema shi ne su zo daidai da juna. In ɗaya ya ɗara, ka tura kusurwar har su daidaita. Wanda ya tsallake wannan zai gane kurensa lokacin ɗora kwano, da murfi ya ƙi zama.

Daga nan ka sa tokara a kusurwoyi huɗu: guntun katako na santimita 50 da aka gitta a karkace. Tana hana gindin murɗewa in ka ja ta gefe ɗaya. In ka ɗora mata ɗan falanki ko raga ta toshe kusurwar gaba ɗaya, ka ƙara samun wani amfani, domin kaji in sun firgita ko sun ji sanyi kusurwa suke turuwa su hau kan juna, na ƙasa su mutu.

Katakon gindi shi ne mai shan raɓa da laima. Ka shafa masa fenti ko man katako, ka bar shi ya bushe sarai. Wasu na shafa baƙin man mota don gara. Kada ka yi. Kaji na tsattsagar duk abin da ke gabansu, ga shi kuma zai riƙa zuba a ƙasar da kake so ta ba ka ciyawa. Akurkin da ke tafiya kullum ma gara ba ta samun zama a jikinsa, sai in an jingine shi wata da watanni.

Ginshiƙai da rufi

Ka kafa ginshiƙai huɗu a kowane dogon gefe, mita 1 tsakani: dogayen a gefe ɗaya, gajerun a ɗaya gefen. Wannan bambanci na santimita 20 shi ne gangarar rufi. Ka haɗa kawunansu da tu-bai-tu na mita 3, ka gitta huɗun nan na mita 2, sannan ka sa na ukun mai mita 3 a tsakiya don kwano ya sami abin kwanciya. A kowane bango ka sa tokara ɗaya a karkace daga ƙasa zuwa sama. Ita ce ke ba ka damar yin aiki da siririn katako ba tare da akurkin ya yi laƙwas ba.

Yanzu samansa ya kasu gida uku. Biyun baya ka rufe da kwano, kwarin kwanon yana bin gangara, ya zarce kamar santimita 20 ta kowane gefe. Gidan gaba shi ne murfi: ka haɗa firam, ka ja masa raga, ka sa hinji biyu da sakata biyu. Ta nan za ka riƙa saka abinci, ka kama kaza, hasken rana kuma ya shiga.

Kwanon alminiyam ya fi na ƙarfe dacewa, don ya fi shi rashin nauyi, ya kuma fi mayar da zafin rana. In na ƙarfe ka samu, ka shafa masa farin fenti ta sama. Maganar zafi ba ƙarama ba ce. Kaza ba ta gumi, da haki take sanyaya jikinta, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, in an haura 30 kuwa za ka gan ta ta buɗe baki ta saki fukafukai. Kajin nama masu ƙiba su suka fi saurin mutuwa a haka. Shi ya sa na ɗaga rufin ya fi na Salatin tsayi, kuma ban ce ka toshe bango da kwano ba. Ka bar raga ta zagaye ko'ina, ka ɗaura tamfol a gefe biyu yadda za ka sauke shi in iska da ruwa sun taso, ka naɗe shi in gari ya yi zafi. A tsakiyar bazara ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsohon buhu a kan kwanon. Wanda yake ƙasar sanyi shi ne zai toshe bayan da rabin gefuna.

Raga, da kafar da ke ƙasa

A nan ne mutane suka fi yin tsumulmular da ke cinye musu kaji. Siririyar ragar nan mai ido shida-shida da ake kira wayar kaji, aikinta ta hana kaza fita, ba ta hana kowa shiga. Kare na yaga ta da haƙori, maciji da ɓera na ratsa idonta, muzuru kuma ba sai ya shiga ba: hannu yake zurawa ya jawo kazar da ta kwanta jikin raga, da safe ka tarar da ita ba kai. Ka nemi raga mai walda, mai ido murabba'i na milimita 12 ko 13, wato rabin inci. In kuɗi bai kai a zagaye da ita duka ba, ka sa ta daga ƙasa zuwa santimita 50, sama ka cike da mai arha.

Ka kama ragar ta waje, ka ja ta ta miƙe, ka buga ƙusa mai lanƙwasa kowane santimita 10. A kusurwoyi da bakin murfi ka ƙara da sukuru mai wosha, ko ka danne bakinta da siririn katako. Duk inda ka yanke, ka lanƙwashe tsinin, don kada ya tsaga ƙafar kaza ko hannunka.

Saura kafar ƙasa. Fili ba daɓen siminti ba ne, kullum za ka sami inda gindin bai zauna ba, ga kuma masu tono irin su kare da dila da tunku. Maganinsu shimfiɗar raga: tsiri mai faɗin santimita 40 zuwa 50 da zai kwanta a ƙasa ta waje, ya zagaye akurkin. Dabba in ta zo tono, jikin bango take farawa, sai farcenta ya ci karo da waya. Ba ta da wayon ja da baya rabin mita ta sake farawa. Ka haɗa tsirin da gindi da zoben waya yadda zai riƙa naɗewa sama kamar ƙyaure lokacin ja, in ka sauke shi ka danne da turaku ko duwatsu. Ka ajiye 'yan guntayen katako biyu ko uku a kan rufi na toshe rami. Duk kafar da yatsunka uku suka shiga, wani abu zai shiga.

Taya da igiyar ja

Ana iya jan akurkin a kan katakon gindi kawai, amma taya tana rage wahala ƙwarai. Matsalar ita ce tayar da aka kafe dindindin tana ɗage gindi daga ƙasa, ta buɗe kafar da ka gama toshewa. Abin da ake so taya ce mai sauka lokacin tafiya, ta ɗage lokacin zama.

Ga yadda ake yi. A jikin ginshiƙin baya na kowane gefe, ta waje, ka ƙara guntun tu-bai-fo ya yi kauri, ka huda shi a tsayin santimita 18 daga ƙasa. Ka yanko hannu mai tsawon santimita 60. Kusa da bakinsa ka ɗaura taya, ka haura santimita 12 daga notin tayar ka yi huda ta biyu, ka zura noti ta cikinta ya shiga hudar ginshiƙi, da wosha ciki da waje, kada ka ɗaure har ya ƙi juyawa. In hannun yana kwance, tayar tana rataye ba ta taɓa ƙasa. In ka miƙar da shi tsaye, tayar ta shige ƙasa ta ɗaga bayan akurkin kamar santimita 6. Ka sa ƙugiya ko madaukin igiya da zai riƙe hannun a tsaye. Santimita 6 ya isa. In ya fi haka ƙananan kaji za su sulale ta baya.

Ta gaba ka huda bakin tu-bai-fo biyun, ka zura igiya, ka saka guntun tiyo a tsakiyarta don kada ta ci maka hannu. Tsawonta ya zama in ka kama ka miƙe tsaye gaban akurkin ya ɗan ɗaga. A katakon baya na ƙasa kuwa, ta ciki, ka rataya tsirin roba, ko da tsohon tub ɗin taya ne da aka tsaga, ya riƙa jan ƙasa. Shi ke tura kazar da ta yi nawa, maimakon katako ya hau mata ƙafa.

Kafin kaza ko ɗaya ta shiga, ka ja shi fanko a kan filin da zai yi aiki, har da juyawa a ƙarshen layi. In ka ji sai ka yi nishi, yanzu ne lokacin rage katako, ba bayan an zuba kaji ba.

Ruwa da abinci

Komai a rataye. Mazubin da ke ƙasa sai an fitar da shi kafin ja, kaji kuma na cika shi da ƙasa. Ka tsaga bututun roba mai faɗin santimita 10 a tsawonsa, ka toshe bakunansa, ka rataye shi ƙarƙashin kwano da waya, bakinsa daidai da gadon bayan kaza, kana ɗaga shi suna girma. Mita ɗaya da rabi da ake ci ta gefe biyu zai ishi kaji 30.

Kaza na shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci, a zafi kuma fiye da haka. Kajin nama 30 da suka kusa yanka za su iya shanye lita 12 a yini ko da gari da sanyi, don haka bokitin lita 20 mai murfi shi ne daidai. Ka ɗora shi a kan rufi ta wajen ginshiƙi, tiyo ya sauko zuwa mashaya mai rataye ko bututu mai kan nono, wato ɗan bakin da kaza ke tsattsaga ruwa ya ɗigo, kan nono ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Ka lulluɓe bokitin, don kaji ba sa shan ruwan da rana ta dafa. Ka tuna kuma lita 20 kilo 20 ne: ka ja akurkin tukuna, sannan ka cika. A ranakun zafi ka ƙara mashaya ta biyu mai zaman kanta, saboda tiyo na toshewa ba sallama, kuma 'yan sa'o'i ba ruwa da tsakar rana sun isa su yi ɓarna.

Kada wani ya ce maka ciyawa za ta ciyar da su. Kaza ba saniya ba ce, cikinta ba ya narkar da ciyawa sosai. Abin da take samu a fili, ɗanyen ganye da fara da tsutsa da 'ya'yan ciyayi, ƙari ne mai amfani, shi ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi ja, amma kaso kaɗan ne na bukatarta. Cikakken abinci yana nan daram. Ka ajiye musu 'yar tsakuwa a gwangwani, domin da ita ƙundu ke niƙa ganye.

In masu ƙwai ne

Su suna bukatar ƙarin abu biyu. Na farko sandar kwana: kowace kaza santimita 20 zuwa 25, wato sanda biyu na mita 2 sun ishi 15. Tu-bai-tu da aka goge kaifinsa ya yi, a tsayin santimita 30 zuwa 40, ƙarƙashin kwano, nesa kaɗan da raga. Na biyu gurbin ƙwai: akwati mai santimita 30 ta kowace fuska, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Ka rataye su a bangon baya da ƙofa ta waje don ɗiban ƙwai, ka zuba busasshiyar ciyawa, kuma kada su fi sandar kwana tsayi, in ba haka ba a ciki za su riƙa kwana suna ɓata ƙwai da kashi. Kowace kaza na cin giram 110 zuwa 120 a yini, ka ƙara musu dakakken ɓawon kawa ko farar ƙasa ta abincin kaji don ƙwarin ɓawon ƙwai. Da yake sun fi kajin nama kuzari da son tono, masu hali kan kewaye akurkin da ragar lantarki mai aiki da hasken rana, su buɗe musu da rana, su rufe da magariba. Kajin nama ba ruwansu da sanda, a ƙasa suke kwana.

Fitowa ciyawa da aikin kullum

'Yan tsaki ba sa fara rayuwa a nan. Sai sun yi mako 2 zuwa 3 a ɗakin ɗumi, ana farawa da digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 kowane mako, har gashi ya rufe su. A yi musu rigakafin cututtukan Niyukasul da Gumboro bisa tsarin likitan dabbobi na yankinka. Ranar fitarwa ka zaɓi safiya mai rana, ba hadari. Ciyawar kuma ta zama gajera, kada ta wuce santimita 10; doguwa tana riƙe raɓa, tana hana su tafiya, tana ɓoye maciji. In akwai shanu ko tumaki, a fara sa su su kiwace wurin, kaji su biyo baya.

Da sassafe ake ja, kafin a ba da abinci. Ka naɗe shimfiɗar raga, ka miƙar da hannun taya, ka kama igiya kana fuskantar akurkin kana tafiya da baya, idonka a kan bangon baya. A hankali, taku ɗaya, ka dakata, taku ɗaya. Kwana biyun farko za su ruɗe, gara wani ya tsaya a baya yana ɗan buga katako. Daga nan sun gane: da sun ji motsin igiya za ka ga sun yi layi a bangon gaba, suna rige-rigen faran da ke tashi daga sabuwar ciyawa. Tsawon akurki ɗaya cif za ka ja, ka sauke taya, ka zagaya ka duba kafa, sannan abinci da ruwa. Duka bai fi minti goma ba.

Wurin da ka baro shi zai gaya maka ko lissafinka daidai ne. In ka ga kashi a warwatse, ciyawa a tattake amma da ranta, lafiya. In kashin ya yi shimfiɗa har ya rufe ƙasa, ko ƙirjin kajin ya yi dauɗa gashin ya zube, kaji sun yi yawa ko ja ya yi kaɗan. Kashin kaji yana da sinadarin naitirojin da yawa, kaɗan ya sa ciyawa ta yi baƙi-ƙirin don kore, da yawa ya ƙone ta. Kada ka dawo wuri ɗaya sai ciyawar ta farfaɗo sarai kuma kashin ya ɓace, aƙalla wata guda, in da hali fiye, don ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a ƙasa.

Ka kauce wa kwari inda ruwa ke kwanciya. In hadari ya haɗo, ka juya gefen da ke da gajerun ginshiƙai wajen iska, ka sauke tamfol, ka kafa turaku huɗu ka ɗaure kusurwoyi. Abin da ka gina marar nauyi don ka iya ja, iska ma tana iya ɗagawa. In ruwa ya malale ƙarƙashinsu, ka watsa busasshiyar ciyawa mai kauri su hau, ko da tsakar dare ne, saboda kazar nama da ta jiƙe ta kwana a ƙasa mai sanyi da wuya ta kai safe. Ka tuge zurma da zaƙami daga hanyar akurki, kada kuma ka bi inda aka yi feshin maganin ƙwari ko na ciyawa kwanan nan. Ka nisanci bakin tafki da inda agwagin daji ke sauka, domin su ne manyan masu yaɗa murar tsuntsaye. In aka ba da sanarwar ɓullarta a yankinku, ka rufe murfin ragar ma da tamfol don kashin tsuntsaye, ka bi umarnin hukumar dabbobi.

Wanda ya bi da akurkin ta kan gonar kayan lambu don taki, ya bar tazara kafin girbi. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa.

In an kwashe zubi ɗaya, ka kankare kashin da ya manne, ka wanke da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka buɗe murfi ka bar shi a rana kamar mako 2. Ka leƙa mahaɗar katako da ƙarƙashin sandar kwana da tocila, don nan ƙananan jajayen ƙwarin da ke shan jinin kaji da dare suke ɓuya da rana. Ka bi sukuru ɗaya bayan ɗaya ka ƙara ɗaurewa, ka taɓa ragar ƙasa inda tsatsa ke fara ci, ka ɗiga wa notin taya mai. In za a daɗe ba a zuba wasu ba, ka ɗora gindin a kan bulo huɗu, kada ya zauna a ƙasa.